Minti talatin a ƙafa: zubin da ba ya cin ko dala

 

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin ƙungiya ta san kusa da sunan mai ɗaukar rance ana rubuta dalilinta. Shekarun baya abin da muka fi gani jari ne: tiyoyin gujiya, buhun wake, tunkiyar kiwo, fulawar fanke. Yanzu akwai wani dalili da ke yawan dawo mana, musamman a ƙungiyoyin cikin gari, wato takardar magani. Rancen jari yana dawowa da riba. Rancen magani kuwa wata mai zuwa sai an sake ɗauka, don hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo, da ciwon sukari ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha ma magani kwana uku a miƙe. In sun kama mace, tare za su zauna. Mun ga ƴan uwanmu da suka yi shekaru suna tara jari, shanyewar ɓarin jiki ta cinye shi cikin ƴan watanni, kasko ya koma bayan ɗaki, ɗiya ta bar lakwal don jinya.

Shi ya sa muka kawo maganar tafiyar ƙafa cikin wannan jarida. Mun yi tambaya wurin ma'aikatan lafiya, mun gwada a ƙungiyarmu, ga abin da muka samo.

Yadda zama ya same mu

Ku tuna da wunin iyayenmu mata. Daka tun asuba, rijiya sahu uku ko huɗu, itace daga daji, furar gona a kai da rana tsaka, kasuwar ƙauye a ƙafa. Ba wadda ta san ana kiran wannan motsa jiki, aiki ne kawai. Yau a cikin gari inji ke niƙa, ƴan ga-ruwa ke kawo ruwa ko kuma akwai pampo a gida, girki a kan gaz ko gawayi, biki kuwa ko unguwar da ke kusa ce sai an tsaida kabu-kabu ko adaidaita. Alhamdu lillahi, sauƙi ne, kuma ba mai son komawa wahalar da. Amma sana'o'in da yawancinmu ke yi na zaune ne: suyar ƙosai da awara, tsaron tebur, ɗinki, kitso, ƙulla yaji da gishiri. Mace sai ta zauna kan kujera tun hantsi har la'asar, ta tashi a gajiye liƙis, alhali ƙafarta ba ta taka ko rabin kilomita ba. Gajiyar zama daban, gajiyar motsi daban.

Abinci ma ya sake. Shinkafa da taliya sun tura tuwon hatsi gefe, mai ya yawaita a tukunya, dunƙule ya zama dole a kowace miya, shayi da lemun kwalba sun zama abin tarbar baƙo. Abin da ke shiga ya ƙaru, abin da jiki ke ƙonewa ya ragu, saura kuma a ciki da ƙugu yake taruwa.

Mu faɗa tun yanzu: ƴar uwarmu ta karkara da har gobe take zuwa rijiya, take daka, take noma, ta riga ta cika nata zubin har da ƙari. Ita abin da take bukata hutu ne, da abinci mai gina jiki, da awon tansiyo lokaci zuwa lokaci, don hawan jini yana kama siririya ma. Kada wata ta ɗauki wannan takarda ta je ta ce ma mai ɗauko itace daga daji ta ƙara tafiya. Da masu wuni a zaune muke.

Abin da tafiya ke yi a cikin jiki

Zuciya tsoka ce kamar ta hannu, aiki ke ƙarfafa ta. In mace tana tafiya da sauri a kai a kai, zuciya na tura jini ba tare da wahala ba, hanyoyin jini kuma suna saki. Binciken da aka tattara a 2021 ya nuna tafiya tana sauke lambar sama ta tansiyo da kusan rabin lamba. Kamar kaɗan ne, amma in aka haɗa da rage gishiri da shan magani yadda aka ce, shi ke raba mai 14 da rabi da mai 13. A likita in aka auna ki aka samu 14 da 9 ko sama da haka, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to hawan jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, don sau da yawa ba ya ciwo sai ranar da ya kada mutum.

Sukari kuma, tsokar cinya da ta ƙwauri su ne manyan masu shanye shi daga jini. Duk lokacin da suke aiki suna jan sukari suna ƙonewa. Shi ya sa tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci take rage hawan sukarin da ke biyo bayan tuwo ko shinkafa. A Amurka an yi wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2002, da mutum 3234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Wasu an ba su maganin metformin. Wasu an sa su motsa jiki minti 150 a sati, yawanci tafiya da sauri, su kuma gyara cin abinci don su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Masu shan magani haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin 100. Masu tafiya da gyaran abinci nasu ya ragu da kashi 58. Ku duba da kyau: wannan maganar riga-kafi ce ga wadda ciwo bai kama ba. Wadda aka riga aka ɗora a kan magani, tafiya abokiyar maganinta ce, kada ta aje ko ƙwaya ɗaya sai da izinin lokotoro.

Sai gwiwa. Da yawanmu mun fara salla a zaune tun ba mu kai hamsin ba. Mukan ce tafiya ce za ta ƙara ciwon, sai mu ƙara zama, gwiwa ta ƙara sandarewa. Gaɓa motsi ke ciyar da ita, kuma tsokar cinya in ta yi ƙarfi tana ɗauke ma gwiwa kaya. Masu bincike sun gano kowane kilo ɗaya da mace ta rage yana sauke ma gwiwa kamar kilo huɗu a kowane taku.

Akwai kuma abin da ba a aunawa a likita. Masu fita tafiya cikinmu suna cewa barcinsu ya gyaru, kumburin ciki ya ragu, ɓacin ran da suka kwana da shi yakan sauka kafin su dawo gida.

Nawa ne zubin?

A ƙa'idar da OMS ta fitar a 2020, babban mutum yana bukatar motsi na minti 150 zuwa 300 a sati. Mu ɗauki na ƙasa: minti 30 a rana, kwana biyar. In ba su samu a haɗe ba, a raba: goma da safe, goma da rana, goma da dare, duk ana lissafawa.

Amma wace irin tafiya? Tafiyar rakiyar amarya, ana taku ana tsayawa gaisuwa, ba ta cika zubi. Ana son wadda za ki ji jiki ya ɗumama, numfashi ya ɗan ƙaru. Ga yadda za ki gane ba tare da wata na'ura ba: in kina iya magana da ta kusa da ke amma ba ki iya rera waƙa, kin samu daidai. In ko magana ta gagara, kin yi sauri da yawa, ki sassauta. Mai son lissafi ta ƙirga takunta na minti ɗaya, wajen 100 ake nema.

Masu babbar salula sukan ce mana sai an yi taku 10.000 kullum. Wannan lamba daga talla ta samo asali: a 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da ƴar na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata suna mai nufin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. A 2019 masu bincike na jami'ar Harvard sun bi tsofaffin mata sama da 16.000, masu shekara wajen 72. Sun ga masu yin taku wajen 4400 a rana mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu a kan masu yin 2700, amfanin kuma yana ta ƙaruwa har wajen 7500. Don haka Inna da Hajiya kada lambar salula ta karya muku gwiwa. Ku fara daga inda kuke.

Wadda ta daɗe ba ta motsa ba ta fara da minti 10 a satin farko, ta ƙara biyar kowane sati. Cikin wata ɗaya da ƴan kwanaki ta kai 30. Wadda ta ce ranar farko sai ta yi awa ɗaya, ita ce za ta kwana uku tana shafa man zafi, daga nan ba a sake ganinta ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Gaskiyar maganar kilo

Tambayar da aka fi yi mana ita ce: "To kilo nawa zan rage a wata?" Mu yi lissafi yadda muke yi ranar rabo, ba ƙari ba ragi.

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Mace mai kilo 80 in ta yi tafiyar sauri ta minti 30, wajen kilomita biyu da rabi ke nan, tana ƙone kalori kamar 150. Kwana biyar, 750. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana riƙe da wajen 7700. Ke nan da tafiya kaɗai, in abinci bai ƙaru ba, kilo ɗaya sai an yi kamar wata biyu da rabi. Yanzu ku duba ɗaya gefen. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana da sukari wajen giram 35, kamar ƙwayar sukari bakwai, kalori wajen 140. Babban cokali ɗaya na mai, wajen 120. Wadda ta yi tafiyarta ta dawo ta kora lemu mai sanyi, ta zuba da hannun dama ta kwashe da na hagu.

Don haka mai son kilo ya sauka sai ta haɗa ƙafa da tukunya. Ba mu ce a zauna da yunwa ba. A rage man miya da na suya, a rage sukarin shayi da na fura da na zoɓo, a rage tulin shinkafa a ƙara ganye: zogale, rama, kabeji, yakuwa, kuɓewa, ga wake da ke riƙe ciki. OMS ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule yawancinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna iya ɗauke rabin aikinsa.

Kuma ba a neman mace ta koma kamar budurwa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa a ga canji a tansiyo da sukari. Ga mai kilo 80, kilo huɗu zuwa takwas ke nan, cikin wata shida ko shekara. In ma ma'auni ya ƙi motsi, amfanin tafiya ga zuciya da sukari yana nan.

Ma'aunin da ya fi faɗa mana gaskiya yana hannun tela. Kitsen da ke kewaye da hanji shi ya fi haɗari, kuma awon ƙugu ke nuna shi. A ɗauki metir na ɗinki, a zagaya ciki wajen cibiya, a tsaye, bayan an saki numfashi, ba tare da an matse ba. Ga mace, daga santimita 80 a fara lura, daga 88 haɗari ya ƙaru sosai. Wata hanya mai sauƙi: ki yanki zare daidai tsawonki, ki ninka shi biyu. In bai zagaye cikinki ba, akwai aiki. Sau da yawa zane ke fara ba da labari kafin ma'aunin kilo.

"Wance, lahiya kika rame haka?"

Mu faɗa ma juna gaskiya, abin da ke hana mu ya wuce ciwon gwiwa. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce. Mace in ta cika ana cewa mijinta na kula da ita. In ta faɗa, sai a fara raɗa: ko an yi mata kishiya, ko bashi ya yi mata yawa, ko wani mugun ciwo ne. In aka ga Hajiya mai rufin asiri tana tafiya a ƙasa, sai wani ya tsaida babur: "Hajiya, hau in kai ki, me ya yi zahi?" Tafiyar ƙafa ta zama kamar shaidar talauci.

Wannan tunani ne ke kai ƴaƴanmu ga magungunan ƙiba da ake saidawa a tebur da kan kai, irin waɗanda ake ce ma sha-ka-fashe, musamman in biki ya matso. Da yawansu suna ɗauke da deksametazon, maganin da likita ke badawa don wasu cututtuka na musamman, da awo, na ɗan lokaci. In aka sha shi don ƙiba, fuska da ciki ke kumbura, sukari da tansiyo su hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa kare kansa daga cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne, ta je likita a sauke ta sannu a hankali. Haka nan shayin rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp: da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ke fita, kitse na nan inda yake, jikar da aka biya kuwa ta tafi.

Bakin mutane mace ɗaya ba ta iya masa. Mata goma sha biyar in suka fito tare, da uwar ƙungiya a gaba, magana takan mutu da kanta cikin sati biyu. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, abin da muka koya ke nan: abin da ya gagari mace ɗaya, taro na iya masa. A da ma an yi mana dariyar zubin dala ashirin.

Yadda muka tsara a ƙungiyarmu

Mun fara da maigida. Ba wadda ta fita sai da ta shawarta da mijinta. Inda aka samu turjiya, manyan ƙungiya biyu suka je suka gaida shi, suka ce: "Malam, mun zo roƙon arziki ne. Bayan sallar asuba za mu fita, mu da ka sani, hanyar da ka sani, kafin yara su tafi lakwal ta dawo." Suka kuma tuna masa abin da takardar magani ke ci a wata. Yawancin maza da suka ji lissafin sun yarda, har akwai wanda yanzu shi ke tada matarsa.

Mun raba kanmu gida-gida, uku zuwa biyar, maƙwabtan juna, don kada nisa ya zama hujja. Kowane rukuni da mai ƙwanƙwasa ƙofa. Muna fita in gari ya fara haske, mu bi hanyar da ba motoci da yawa, mu riƙa fuskantar abin hawa da ke tahowa. Wasu sun nemi izinin darektan lakwal suna kewaya fili kafin yara su zo. Cikakken filin ƙwallo kewaye uku ya kai kilomita ɗaya. Mai saurin tafiya takan juyo ta tarbi ta baya, ba a barin kowa ita kaɗai.

Sutura ba ta bukatar sayen komi. Zane a ɗaura shi da ɗan sassauci, da wando a ciki, da hijabi mara nauyi mai haske. Takalmi ne kawai abin kula: silifa na sa tuntuɓe da ciwon dunduniya. Sau-ciki mai laushi na ƴan gwanjo ya wadatar, a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar ma yatsu wuri.

Kowane lokaci na shekara da nasa hali. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu, don haka daga ƙarfe takwas na safe an rufe fita sai rana ta yi sanyi, kuma a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu a rufe hanci, mai fuka kuma ranar da ƙura ta yi yawa ta yi nata a cikin ɗaki. Da damina a kauce ma ciyawa da kwatami. Da azumi mukan maida tafiya bayan buɗa baki, zuwa asham da dawowa a ƙafa ma ya rage wani abu.

Mun kuma shigar da tafiya cikin hidimar yau da kullum. Ranar zubi kowa a ƙafa take zuwa in gidanta bai yi nisa ba. Zuwa barka, gaisuwa, cefane, in ba kaya mai nauyi, a taka. A ce kuɗin kabu-kabu dala arba'in ne, wato sefa 200. Wadda ta taka sau biyar a sati ta tsira da jika ɗaya, a shekara jika 52. Wasu cikinmu wannan kuɗin suke ƙarawa a zubinsu.

Masu tara kuɗin Makka kuwa su ne ba sa fashi. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, sahu bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Hajiyoyinmu da suka dawo sun ce guzurin ƙafa ya kamata a fara tarawa tare da na aljihu.

A bayan littafin ƙungiya mun ja layi uku: kwanakin da kowa ta fita a sati, awon ƙugu sau ɗaya a wata, da lambar tansiyo in ta je likita. Awon ƙugu sirri ne tsakanin mace da mai rubutu, ba a karanta shi a taro. Ba mu sa tara ga wadda ta yi fashi ba. In ba a ga mace kwana uku ba, a je a duba ta, don wataƙila da dalili.

Wadda ba ta fita

Akwai ƴan uwanmu da ke cikin kulle, akwai masu takaba, akwai masu ƙananan yara ba mai riƙe musu. Tsakar gida ta isa. Daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, a je a dawo, minti goma bayan kowane abinci, an cika talatin. A kunna rediyo, ko a yi tare da kishiya ko ɗiya, lokaci zai wuce ba a sani ba. Mai sana'ar zaune ta riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, ko da ɗauko ruwa ne da kanta maimakon aiken yaro.

OMS ta kuma ce a yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati. Wannan muna da shi a gida: dakan fura ko na yaji da hannu, jan guga, ko a zauna kan kujera a miƙe sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, a huta, a sake. Iyayenmu da suka haura 65 su ƙara da tsayuwa a ƙafa ɗaya suna dafe da bango, don kariya daga faɗuwa.

Kafin ki fara, da lokacin da za ki tsaya

Tafiya ba ta da haɗari ga yawancin mutane, amma wasu sai sun fara biyawa ta likita: mai ciwon zuciya, wadda ta taɓa samun shanyewar jiki, wadda tansiyonta ya kai 18 da 11, da wadda ƙafafunta ke kumbura ko take haki daga ɗan motsi kaɗan.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ta fita da yunwa, ta riƙe dabino uku ko ƙwayar sukari a bakin zane. In ta ji rawar jiki, zufa mai sanyi ko duhun gani, ta zauna ta ci nan take. Kada ta taka ƙasa ba takalmi, kuma kullum da dare ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don ciwon sukari na kashe jin zafi, ƙaramin rauni ya zama gyambo ba ta sani ba.

Mai ciki da ke lafiya tafiya na da amfani gare ta, amma ta tambayi ungozomar likita ranar awo. Mai jego ta fara a hankali in jiki ya yi ƙwari, wadda aka yi ma fiɗa kuma sai an ba ta izini. Mai shayarwa kada ta rage abinci don neman rama.

Duk wadda ta ji ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, numfashi na yankewa, zuciya na bugawa ba daidai ba, ko hannu ko baki ya saki, a tsaida tafiya, a nemi abin hawa, a kai ta likita a lokacin. Kada a ce bari ta huta zuwa gobe. Haka nan wadda ke ramewa ba tare da ta nema ba, ga yawan ƙishirwa da fitsarin dare, kada ta yi murna, ta je a auna sukarinta da safe kafin ta ci komi. Daga giram 1,26 a lita zuwa sama, in an sake aunawa an samu haka, ciwon sukari ne.

Abin da za mu kai taro mai zuwa

Muna roƙon kowace shugaba ta karanta wannan takarda a taron zubi, a fili, don waɗanda ba su yi karatu ba su ji. Bayan an rufe akwati a ɗauki minti goma a yi abu uku. A sa ranar da ƙungiya za ta je likita mafi kusa a auna tansiyon kowa, ko a roƙi ma'aikaciyar lafiya ta zo wurin taro da abin awonta. A nemo metir wurin mai ɗinkin da ke cikinku. A raba rukuni, a zaɓi masu ƙwanƙwasa ƙofa, a sa ranar farawa cikin satin nan, kada a ce sai bayan salla ko sai bayan kaka.

In kun yi wata uku, ku aiko mana da labari ta hannun masu kawo jarida: abin da ya yi sauƙi, abin da ya gagara, da dubarar da kuka samo, musamman ku ƴan uwanmu na Tawa da Damagaram da yashi da duwatsu suka sa hanyoyinku suka bambanta da namu. Za mu buga don wasu su ƙaru.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a zubinmu. Amin.